Tsohuwar saba ta daina amsawa: yadda muka bi sawun RAM da suwaf a wani ofishin Umra a Jidda

Alamun da aka faɗa mana ta waya sanannu ne ga duk mai kula da saba. Shafin ofis ba ya buɗewa, sai dai ya yi ta juyawa. An aika mata ping, ɗan saƙon gwada ko inji na kan layi, tana amsawa nan take. An gwada shiga ta SSH, hanyar ba inji umarni daga nesa, haɗin ya kama, amma wurin rubuta kalmar sirri ya ƙi fitowa. Fitilar faifai da ke gaban akwatin kuma ta daina ƙyaftawa, ta tsaya a kunne cak. Ofishin na wasu 'yan uwanmu ne a Jidda, masu shirya wa 'yan Umra daga Najeriya da Nijar masauki da motar zuwa Makka da Madina. Watan Ramadan ne, lokacin da aikinsu ya fi yawa, kuma da dare ake yin mafi yawansa, daga bayan tarawihi zuwa sahur.

Waɗannan alamu tare suna nuna hanya tun kafin a taɓa injin. Kenel, wato zuciyar tsarin aiki na Linux, da kansa yake amsa ping, shi kuma ba a taɓa fitar da shi daga RAM. Shiga ta SSH kuwa sai manhajar sshd ta sa a haifi sabon furoses, wato sabon aiki mai gudu a injin, ya karanta fayiloli, ya nemi memori. Idan ping na tafiya amma duk abin da ke buƙatar sabon memori ya tsaya, faifai kuma na ta aiki ba hutu, to injin bai mutu ba, RAM ce ta ƙare masa, kenel na ta safa da marwa tsakanin RAM da suwaf, wato wurin da aka ware a faifai don ajiye abin da RAM ta kasa ɗauka.

Sabar tsohuwa ce: furosesa (CPU) mai zuciya huɗu, RAM 4GB irin DDR3, faifai biyu masu juyawa 7,200 a minti an haɗa su RAID 1 (kowanne kwafin ɗayan) da manhajar mdadm, da fayil ɗin suwaf na 2GB. A kanta akwai Ubuntu 18.04, Apache mai ba da shafuka a tsarin prefork (furoses uba ɗaya da 'ya'ya, kowane ɗa na yi wa buƙata ɗaya aiki) da PHP a cikinsa, da rumbun bayanai MySQL 5.7, duka a inji ɗaya.

Mudir ɗin ofishin, wato shugabansa, ya tarbe mu da tambayar da kowa ke yi: "Malam, ba sai a kashe a kunna ba kawai? Jama'a na jira." Muka ce masa, "Alhaji, idan muka kashe yanzu za ta tashi lafiya, gobe war haka kuma ta sake kwantawa, ba mu san dalili ba. A ba mu ɗan lokaci mu ga abin da ya cinye ta." Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Yanke wuta ga injin da MySQL ke tsakiyar rubutu a kai yana sa InnoDB, ɓangarensa mai ajiye tebura, ya yi gyaran kansa a tashi na gaba, RAID ma ya shiga daidaita faifansa biyu, duk a kan faifan da tun farko shi ne ya gaji. Idan akwai tsofaffin tebura irin MyISAM kuwa, suna iya lalacewa.

Mun jona allo da kibod kai tsaye. A nan akwai tarko: manhajar login tana jira daƙiƙa 60 ne kawai, kuma a injin da ya shaƙe haka, kafin ta tabbatar da kalmar sirri lokacin ya wuce, ta mayar da kai farko. Akwai maɓallan gaggawa na kenel, Alt da SysRq da f, waɗanda ke umartar kenel ya kashe furoses mafi cin memori nan take. Sai dai a Ubuntu an saita kernel.sysrq a 176, wanda ya ba da izinin zuba bayanai a faifai, da mayar da shi na karatu kawai, da sake kunnawa, amma bai ba da izinin kashe furoses ba. Don haka ba su yi aiki ba.

Abin da ya yi aiki shi ne zare wayar intanet daga bayan sabar. Dabara ce mai sauƙi, kuma muna ganin ta fi kowace amfani a irin wannan hali. Da zarar buƙatu sun daina shigowa, 'ya'yan Apache za su gama abin da ke hannunsu ko lokacinsu ya ƙare, su zama marasa aiki. Uban kuma zai riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, kusan ɗaya a kowace daƙiƙa, har su dawo adadin MaxSpareServers, wato 10. Kowane ɗa da ya mutu ya saki memorinsa. Sai a yi haƙuri, domin Timeout na Apache a Ubuntu daƙiƙa 300 ne, wasu sai sun cinye shi kaf. Cikin 'yan mintuna fitilar faifai ta fara ƙyaftawa, muka samu shiga.

Ba ta gama farfaɗowa ba a lokacin, kuma hakan muke so, don shaidar ba ta goge ba. Umarni kaɗan marasa nauyi muka bayar, muna ɗaukar hoton allon da waya bayan kowane:

uptime
free -m
vmstat 1 10
ps aux --sort=-rss | head -30

Lodin minti 15, wato matsakaicin adadin furoses da ke aiki ko jira, ya haura 100 a inji mai zuciya huɗu. Wanda bai saba ba zai ce furosesa ce ta gaza, alhali ba ita ba ce. A Linux, lissafin lodi yana haɗawa da furoses ɗin da ke jiran faifai, waɗanda ps ke nunawa da harafin D. A vmstat, us da sy, wato lokacin da furosesa ke aiki, tare ba su kai 10 cikin ɗari ba, wa kuwa, wato lokacin da furosesa ke zaune tana jiran faifai, ya haura 80. Furosesar zaman banza take yi.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne karatun free. Ginshiƙin free ba shi ne abin dubawa ba. Linux yana cika duk memorin da ba a amfani da shi da kesh na fayiloli, ya sake shi idan an nema, don haka lafiyayyar saba ma tana nuna free kaɗan. Ginshiƙin available ake dubawa, wanda ke fitowa daga MemAvailable da aka ƙara a kenel 3.14 a shekarar 2014: ƙiyasin memorin da za a iya ba sabon aiki ba tare da an taɓa suwaf ba. A wannan saba available bai kai 100MB ba, kesh ɗin ma an matse shi ƙasa da 100MB, suwaf kuma ya kusa cika. Ƙanƙancewar kesh ita ce babbar shaida. Kenel ya riga ya zubar da duk abin da zai iya zubarwa.

Cikar suwaf ita kaɗai ba cuta ba ce, wannan muna so a riƙe shi da kyau. Saba tana iya yin watanni da 1GB a suwaf tana aiki lafiya, domin abin da aka kai can shafuka ne na manhajojin da suka yi barci, babu mai nemansu. Ciwon yana cikin ginshiƙai biyu na vmstat, si da so: adadin da ke shigowa daga suwaf da wanda ke fita zuwa can a kowace daƙiƙa. A yi watsi da layin farko, matsakaici ne tun daga kunna injin. Idan sauran layukan sifili ne, ko suwaf ya cika ba komai. Idan so kaɗai ke motsi na ɗan lokaci, kenel na share wuri ne. Idan kuwa su biyun suna nuna ɗaruruwa ko dubbai a kowane layi ba tsayawa, to abin da ake fitarwa shi ne abin da ake buƙata a daƙiƙa ta gaba. Haka muka tarar.

Dalilin da ya sa wannan ke tsayar da inji gaba ɗaya lissafi ne. Karatu daga RAM bai wuce kimanin nanosakan 100 ba. Faifai mai juyawa kuwa sai allurarsa ta tafi wurin, ta jira farantin ya zagayo, kimanin milisakan 10. Tazarar ta kai ninki dubu ɗari. Irin wannan faifai bai fi karatu 100 na warwatse a daƙiƙa ba, shafin memori kuma 4KB ne. Ko da kenel na ɗebo shafi takwas a tafiya ɗaya, kamar yadda vm.page-cluster ya tsara, abin da za a samu bai wuce megabait kaɗan a daƙiƙa ba, ga furoses sama da ɗari kowa na jiran nasa. Kamar ɗan kasuwa ne da teburinsa ya cika, ya kai rabin kayansa sito a bayan gari, kowane mai saye kuma abin da ke siton yake nema.

Sai neman wanda ya ci. Jerin ps ya sa mysqld a sama, a ƙarƙashinsa apache2 jere reras, wasu 40MB, wasu sun haura 150MB. A nan ma da gyara. Lambar RSS, wato memorin da furoses ke riƙe da shi a RAM, tana ƙirga memorin da furoses ke tarayya da 'yan uwansa, don haka idan ka tara RSS na duk 'ya'yan Apache za ka samu abin da ya fi gaskiya yawa. Sannan RSS ba ya ƙirga abin da aka riga aka kai suwaf, don haka babban mai laifi yana iya bayyana ƙarami. Don ganin rabon kowa a suwaf:

grep VmSwap /proc/[0-9]*/status | sort -k2 -n -r | head

Mafi yawan suwaf ɗin na mysqld ne. Wannan mummunan hali ne na musamman. MySQL yana riƙe bayanai a ma'ajiyarsa ta memori don kada ya je faifai, ga shi kenel ya kwashe ma'ajiyar ya kai faifai, shi bai sani ba. Daga baya, da injin ya lafa, mun saka smem, wanda ke ba da PSS, wato rabon kowane furoses na adalci bayan an raba abin tarayya. Matsakaicin ɗan Apache a lokacin aiki ya kama kusan 70MB.

Mun kuma leƙa /proc/meminfo don kawar da zato biyu: Shmem, ko wani ya cika tmpfs da fayiloli, da SUnreclaim, ko kenel da kansa ke yoyon memori. Duka ƙanana ne, muka wuce.

Fayil ɗin /var/log/kern.log ya ba da tarihin dararen baya. Neman kalmomin "Out of memory" ya nuna kenel ya sha kashe mysqld, domin idan RAM da suwaf suka ƙare duka, mafi girma yake zaɓa. Systemd, mai kula da tayar da manhajoji, kuma ya sake tayar da shi, shi ya sa ma'aikata ke ganin saƙon kasa haɗuwa da rumbun bayanai na ɗan lokaci sannan ya wuce. Akwai kuma layukan "blocked for more than 120 seconds", shaidar furoses da ya yi minti biyu yana jiran faifai.

Da muka buɗe fayilolin saiti, asalin matsalar ya fito fili. A mpm_prefork.conf, MaxRequestWorkers yana 150, yadda Ubuntu ke kawo shi. A saitin MySQL an sa innodb_buffer_pool_size 2G. Shawarar ba wa wannan ma'ajiya har kashi 80 na RAM tana nan a rubuce, amma an yi ta ne don injin da MySQL kaɗai ke kai. A tara: 150 sau 70MB ya ba da 10,500MB, MySQL da kayansa kusan 2,300MB, tsarin aiki 400MB. An yi wa manhajoji alkawarin sama da 13GB a injin da RAM da suwaf ɗinsa tare 6GB ne. A sauran watanni ba a gane ba, domin 'ya'yan Apache ba sa wuce goma sha wani abu. Ramadan ne ya zo karɓar alkawarin.

Yadda abin ke rikiɗewa cikin mintuna shi ma yana da tsari. RAM ta ɗan cika, an fara taɓa suwaf, shafin da ke buɗewa cikin daƙiƙa ɗaya ya koma biyar. Ma'aikaci ya gaji ya sake latsawa, wakilai da ke Kano da Yamai su ma haka. Kowace latsawa sabuwar buƙata ce, tsohuwar kuma ba ta gama ba, sai Apache ya haifi wani ɗan. Sabon ɗa ya ci memori, suwaf ya ƙaru, jinkiri ya ƙaru. Babu abin da zai tsayar da wannan sai iyakar 150, ita kuma injin ya shaƙe tun kafin a kai ta.

Sauran tambaya ita ce me ya kumbura wasu 'ya'yan har 150MB. Hotunan fasfo ne. Wakilai na ɗaukar hoto da waya su ɗora, manhajar ofis ta rage girmansa da GD, kayan sarrafa hoto na PHP. Fayil ɗin JPEG na iya zama 3MB, amma kafin a rage shi sai an warware shi a memori, kowane ɗigo bait huɗu. Hoto mai 4,000 sau 3,000 ya zama 48MB. Idan an juya shi, an yi kwafi na biyu, 96MB ke nan. Wayoyin da ke ɗaukar megafiksel 50 kuwa hotonsu ɗaya ya kai 200MB. Wani zai ce ai memory_limit na PHP zai tare. A Ubuntu, PHP na amfani da libgd na tsarin aiki, shi kuma memorin da yake ɗiba ba ya shiga lissafin PHP, don haka iyakar 128MB ba ta ganinsa. Bayan an gama kuma, ɗan Apache sau da yawa ba ya mayar da duk abin da ya ɗiba, kuma da yake MaxConnectionsPerChild sifili ne, ba a taɓa sauya shi da sabo. Haka yake zama a kumbure.

Abu biyu suka ƙara wa wutar mai. Na farko kwafin ajiya da cron, mai gudanar da aiki bisa jadawali, ke yi kowace awa, mysqldump da tar na dukan jakar hotuna. Idan injin ya yi nauyi, na farko bai gama ba na biyu ya taso. Mun tarar da tar fiye da ɗaya suna gudu tare. Shi mysqldump yana karanta kowane tebur, har bayanan shekarun baya, ya cika ma'ajiyar 2G da abin da babu mai buƙata. Na biyu ya shafi mu mazauna nan musamman. Kunshin mdadm a wannan Ubuntu yana zuwa da jadawalin duba RAID a Lahadin farko ta kowane wata, ƙarfe 12:57 na dare. Wanda ya tsara haka yana ganin daren hutu ne. A Saudiyya tun 2013 hutu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar fara aiki, kuma a Ramadan ƙarfe ɗayan dare tsakiyar dawam ce, wato lokacin aiki, a ofishin Umra. Dare mafi muni a log ɗin ya dace da layin "md: data-check". Ana gani ko yana gudu da cat /proc/mdstat, ana tsayar da shi da rubuta idle a cikin /sys/block/md0/md/sync_action.

Kafin gyara, ga abubuwan da aka ba mu shawara muka ƙi. An ce a ƙara suwaf ya zama 8GB. A irin wannan ciwo ƙarin suwaf tsawaita wahala kawai yake yi: maimakon kenel ya kashe wani cikin minti goma injin ya numfasa, sai ya yi awa yana niƙa faifai. An ce to a kashe suwaf gaba ɗaya. Shi ma ba magani ba ne. Idan babu suwaf kuma RAM ta ƙare, kenel zai riƙa zubar da shafukan manhajojin da ke gudu, ya sake karanto su daga faifai, daskarewar dai ita ce. Ƙari a kan haka, shafukan da suka yi barci za su zauna a RAM suna cin wurin da kesh zai yi amfani da shi. Umarnin swapoff -a kuma haɗari ne a lokacin matsi: yana tilasta dawo da duk abin da ke suwaf cikin RAM, idan available bai fi shi yawa ba, kenel zai fara kisa. Sai masu rubuta 3 a cikin drop_caches don zubar da kesh. Kesh ɗin da bai kai 100MB ba, me za a zubar? A lafiyayyen inji ma jinkiri kawai yake jawowa.

Gyaran ya fara da kasafi a takarda. Abin da free ke nunawa kusan 3,900MB ne. Mun cire 400 na tsarin aiki. Mun ba MySQL ma'ajiyar 768M, wanda da sauran kayansa ya kama kusan 1,100. Mun bar 600 don kesh, domin saba marar kesh kullum a faifai take. Saura 1,800. A raba da 70, an samu 25. Saboda haka:

MaxRequestWorkers 25
MaxConnectionsPerChild 500
KeepAliveTimeout 2

Mudir ya ji 25 ya damu, ya ce wakilansa sun fi haka yawa. Bayanin shi ne, 25 adadin buƙatun da ake yi wa aiki a lokaci ɗaya ne. Na 26 ba a korarsa, yana shiga layin jira na kenel, wanda Apache ke nema masa har 511, ya jira ƙasa da daƙiƙa. Idan kowace buƙata na ɗaukar rubu'in daƙiƙa, 'ya'ya 25 za su sallami 100 a daƙiƙa, abin da ofishin bai taɓa kusantarsa ba. Rage KeepAliveTimeout daga 5 zuwa 2 ya zama dole a nan, don kada ɗa mai 70MB ya zauna yana jiran burauzar da ta riga ta gama. A MySQL mun kuma rage max_connections daga 151 zuwa 40, tunda masu haɗuwa da shi 'ya'yan Apache ne da aikin ajiya. Don tabbatar da cewa 768M ta isa, a kwatanta Innodb_buffer_pool_reads da Innodb_buffer_pool_read_requests bayan an yi aikin dare ɗaya. Na farko shi ne karatun da ya je faifai, ya kamata ya zama ɗan mitsitsi a kan na biyu.

Ga hotuna, mai rubuta manhajar ofishin ya sa getimagesize a gaba, wanda kan fayil kawai yake karantawa ya faɗi tsawo da faɗi. Ƙananan hotuna a rage su nan take, manya kuma a ajiye su a layi, wani aiki guda ɗaya a bayan fage ya riƙa rage su ɗaya bayan ɗaya. Ta haka 200MB ɗin sau ɗaya ake biyansa, ba sau goma a tare ba.

Kwafin ajiya ya koma sau ɗaya a rana, bayan fitowar rana lokacin da ofis ya watse, a naɗe cikin flock -n don na biyu ba zai taso ba muddin na farko na gudu, da ionice -c3 don ya ba kowa hanya a faifai. An sa wa mysqldump zaɓin --single-transaction don kada ya kulle tebura. Hotuna kuma rsync ke kwashe sababbi kawai. Duba RAID ya koma safiyar Juma'a ta gyara /etc/cron.d/mdadm. A duba timedatectl kafin a taɓa kowane jadawali: idan injin na kan UTC, awa uku ce tsakaninsa da Asia/Riyadh, kuma bayan sauya yankin lokaci sai an sake tayar da cron.

Sai vm.swappiness, wanda ake yawan ɗauka shi ne maganin komai. Ba kaso ba ne na RAM da za a cika kafin a fara suwaf, kamar yadda ake yaɗawa. Awo ne da kenel ke amfani da shi wajen zaɓar abin da zai fitar idan ya matsu, memorin manhajoji ko kesh na fayiloli. Asalinsa 60. Mun mayar da shi 10 a wani fayil cikin /etc/sysctl.d, don kada babban karatun fayiloli ya riƙa tura ma'ajiyar MySQL waje. Amfaninsa ke nan, kuma da shi kaɗai muka sauya da sabar ta sake kwantawa a daren.

Mun bar shinge uku saboda gaba. An mayar da kernel.sysrq 240, wato 176 da ƙarin 64, don Alt da SysRq da f su yi aiki daga kibod. An saka earlyoom, ƙaramar manhajar da ke kashe mafi cin memori idan available da sauran suwaf duka suka faɗi ƙasa da kashi 10, tun kafin injin ya daskare. Kenel shi kaɗai yana jinkiri sosai kafin ya yanke wannan hukunci. An kuma sa OOMScoreAdjust=-500 a sabis ɗin mysql ta systemctl edit, don idan kisa ya zama dole a fara da ɗan Apache, wanda mutuwarsa buƙata ɗaya kawai take ɓatawa. Ba mu sa -1000 ba, domin wannan kariya ce cikakkiya, kuma idan wata rana MySQL ne ke yoyo, kenel zai kashe kowa ya bar shi. Sannan sysstat, wanda a Ubuntu sai an gyara /etc/default/sysstat an sa ENABLED="true" kafin ya fara tara bayanai duk minti goma. Da sar -r da sar -W za a ga memori da kai-kawon suwaf na kowane dare ba sai an kwana a gaban allo ba. Sababbin kenel daga 4.20 suna da /proc/pressure/memory da ke faɗin kason lokacin da ake ɓatawa wajen jiran memori, amma na wannan injin 4.15 ne.

Kafin mu mayar da wayar intanet, mun gwada da ab, manhajar gwajin lodi ta Apache, daga cikin injin, buƙatu 60 a tare kan shafi mai nauyi, vmstat na gudu a ɗaya tagar. 'Ya'yan Apache suka tsaya a 25, available bai sauka ƙasa da 500MB ba, so ya zauna a sifili. An ga si na ɗan motsi, wannan kuma daidai ne, tsofaffin shafuka ne ke dawowa gida yayin da aka neme su.

Jikin injin ma an duba shi, domin faifai mai ciwo yana kawo waɗannan alamu ko da lodi kaɗan. A smartctl -a, lamba 5 da 197, wato sassan da aka sauya da waɗanda ke jiran sauyi, duka sifili ne a faifan biyu. Zafinsu a lamba 194 ya yi sama, domin ana kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da rana idan ofis ya rufe, ƙura kuma ta toshe gaban akwatin. An share, an roƙi a bar mukayyif ɗin ɗakin a kunne.

Ƙarin RAM shi ne gyara mafi araha da ya rage, DDR3 ta hannu ba ta da tsada a shagunan kwamfuta ko a Haraj, kasuwar kayan hannu. Kafin saye, dmidecode -t 16 zai faɗi iyakar abin da allon cikin injin (motherboard) ke ɗauka, dmidecode -t 17 kuma ya nuna kowane rami da abin da ke ciki. A karanta takardar da ke jikin tsohuwar sandar da kyau. Bayan lamba irin PC3-10600 akwai harafi: E na nufin ECC (mai gyara kuskure) marar rajista, R mai rajista, U kuma ta kwamfutar tebur ce. E da R ba sa zama tare, kuma allon da aka yi don ɗaya sau da yawa ba ya ko tashi da ɗayar. A gwada sababbin da memtest86+ kafin a saki injin ga aiki, sannan a sake kasafin daga farko da sabon adadi, kada a mayar da 150 don an ga wuri.

Akwai abin da RAM ba za ta gyara ba. Tallafin yau da kullum na Ubuntu 18.04 ya ƙare a ƙarshen Mayu 2023, injin kuma cike yake da hotunan fasfon bayin Allah, a ƙasar da dokar kare bayanan mutane ta fara aiki tun Satumba 2023. Mun faɗa wa mudir wannan a fili. An tsayar da ƙaura zuwa sabon tsari, da faifan SSD, da PHP-FPM a maimakon prefork, a lokacin da ake dakatar da bizar Umra gabanin Hajji, domin shi ne lokacin da ofishin zai iya rufe sabar kwana biyu ba tare da wani ya rasa masauki ba.